Daga Girgam zuwa kwamfuta: shekara ba kwana 365 ba ce kullum

Duk mai zaune a Gagamari ko cikin garin Diffa ya san sunan Birnin Gazargamu, fadar Borno da Mai Ali Gaji ya kafa kusa da Komadugu wajen 1470, wadda ta faɗi a 1808. In ka tambayi ɗan lakkol shekara nawa ta yi, zai ce kusan 340. Almajirin tsangaya kuwa zai ce kusan 350. Ni dai ina ganin kowa da gaskiyarsa.

Dalili kuwa, shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya 365 ko 366. Shekara 33 na wata daidai suke da kusan 32 na rana. Wannan ya wahalar da masana tarihi. A 1851 Heinrich Barth ya samu kundin Girgam a Kukawa, mai jera sarakunan Saifawa da tsawon mulkin kowanne. Malaman fada da wata suke ƙidaya, saboda haka wanda ya tara shekarun nan ya ɗora su kan Miladiyya kai tsaye zai kauce da shekara uku a kowane ƙarni.

Ita ma Miladiyyar gyara ta aka yi. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya sa aka tashi daga 4 ga Oktoba zuwa 15, aka kuma kafa ƙa'ida: shekarar da ta cika ƙarni ba ta samun 29 ga Fabrairu sai in 400 ta raba ta. Shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba. Amma har gobe Excel na karɓar 29 ga Fabrairun 1900, ranar da ba a taɓa yi ba. A JavaScript, harshen shafukan intanet, in aka ƙara wata guda kan 31 ga Janairun 2025, sai a faɗa 3 ga Maris.

Yanzu rajistar ƴaƴanmu tana komawa intanet, alhali da yawansu 1 ga Janairu aka rubuta musu don ba a riƙe ranar haihuwa ba. Kwana guda na iya hana yaro gurbi. Iyaye, ku rubuta ranar haihuwa da kalandar biyu tun kafin suna. Malamai, ku koya wa yara su fara tambaya: da wace shekara ake ƙidaya?