Mace da Dodo: Tarihin Iko a Bayan Fuskar Itace

Gabatarwa

Mu da muke zaune a kudancin Nijeriya mun saba ganin fitowar dodanni, kuma mun saba jin cewa wannan harka ce ta maza zalla. Maza ke sassaƙa fuskar, su ke shiga cikin rigar, su ke riƙe da asirin. A ƙasar Yarbawa, idan Oro ya fita da dare, dole mata su kulle kansu a ɗaka. Amma masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan maƙala za ta nuna cewa tsananin killace mata daga dodo bai rasa nasaba da ikon da al'ummomin suka yarda mata suna da shi.

Asalin Dodo a Bakin Masu Shi

Abin lura na farko shi ne yadda masu al'adar ke ba da labarin mafarinta. Dogon na ƙasar Mali sun ce mace ce ta fara samo dodo, daga baya maza suka karɓe shi. Suna tunawa da ita ta wata fuska mai suna Satimbe, wadda ke ɗauke da siffar mace a bisanta, kuma mace mai muƙamin Yasigine ce kaɗai aka yarje wa kusantar dodanni. Haka nan Yarbawa suna danganta Egungun, wato dodon kakanni, da abar bautarsu Oya, suna kuma naɗa wata dattijuwa muƙamin Iya Agan a cikin ƙungiyar. Ko da ba mu ɗauki waɗannan labarai a matsayin tarihi tsantsa ba, sun nuna mana abin da mazan suka amince da shi da bakinsu.

Gelede: Maza Masu Lallashin Iyaye

Masana suna ganin wasan Gelede ya kunno kai ne a ƙarshen ƙarni na 18 a yankin Ketu, wanda ke cikin Jamhuriyar Benin a yau, ya kuma bazu zuwa ƙasar Yewa ta Jihar Ogun har Legas. Maza ne ke rawa, bibbiyu, da yawansu cikin shigar mata. Manufar wasan ita ce faranta wa waɗanda Yarbawa ke kira "iyayenmu mata", wato tsofaffin mata da aka yi imani ƙarfinsu na ɓoye yana iya kawo haihuwa da damina mai albarka, yana kuma iya jawo annoba. A daren Efe, mawaƙi yakan yi zambo ga azzalumai da mazambata a bainar jama'a, bisa kariyar waɗannan iyaye. Mace mai muƙamin Iyalase tana cikin shugabannin ƙungiyar. A shekarar 2001 hukumar UNESCO ta ayyana Gelede cikin fitattun al'adun gado na duniya.

Sande: Inda Mace Ta Shiga Rigar

A tsakanin Mende na Saliyo kuwa, mata ne da kansu ke sanya fuskar Sowei, abin da ba kasafai ake samu a Afirka ba. Baƙa ce wuluk mai sheƙi, da faffaɗan goshi da ƙaramin baki da wuya mai gwaraye. Namiji ne ke sassaƙa ta, amma mallakar ƙungiyar Sande ce, takwarar Poro ta maza. Sande ke horar da 'yan mata kafin aure, tana kuma hukunta namijin da ya keta dokarta.

Tarihin Madam Yoko ya nuna yadda wannan iko ya kai ga gadon sarauta. Bayan rasuwar mijinta Gbanya a 1878, ta gaji mulkin Kpa Mende. Ta riƙa horar da 'yan mata a Sande tana aurar da su ga manyan mutane, ta haka ta ƙulla ƙawance mai faɗi. Ta ci gaba da mulki ƙarƙashin Turawan Ingila har rasuwarta a 1906.

Sai dai kada mu manta cewa shiga Sande ta ƙunshi kaciyar mata, wadda likitoci suka tabbatar da illarta, matan Saliyo da dama kuma suke yaƙi da ita. Ashe iko a hannun manyan mata bai zama 'yanci ga kowace yarinya ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa tambayar wanda ke cikin rigar dodo ba ta wadatar ba. Wajibi ne mai nazari ya binciki wanda ake yi wa rawar, da wanda ke da ikon tsayar da ita, da kuma wanda hukuncinta ke faɗa wa. Wannan aiki ne da ke jiran ɗalibanmu, tun dattawan da suka san amsar suna raye.