Malam Maman Barka da Biram ɗin Tabkin Cadi

A gidanmu, can Olelewa cikin Damargu, akwai wata tsohuwar rediyo mai cin kaset wadda babana ba ya bari kowa ya taɓa. A bakinta na fara jin muryar Malam Maman Barka. Lokacin ni dai gurmi kawai nake ji da Hausa mai daɗi. Sai da na zo jami'a na gane ashe mutumin ba Bahaushe ba ne.

Tubu ne, haifaffen Tasker a jiharmu ta Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950. Ɗan makiyaya ne da ya yi lakwal har ya zama mushe, wato malamin makaranta, kuma daga nan "Malam" ta bi shi. Da gurmi ya yi suna a Nijar da arewacin Nijeriya, daga baya ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya a Yamai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shekarar 2002. Mutum ya riga ya shahara, ana sayen kaset ɗinsa, sai ya samu tallafin UNESCO ya tattara ya nufi Tabkin Cadi, ya zauna gaban wani tsoho, Bukar Tar, a matsayin almajiri. Bukar Tar shi ake ɗauka gwani na ƙarshe a kiɗan biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar, wanda aka sassaƙa shi kamar kwalekwale. Ba abin wasa ba ne a wurinsu, yana da alaƙa da iskan ruwa. Tsohon ya koya masa, ya kuma damƙa masa biram ɗinsa.

To, nan ne ɗalibin harshe ya tsaya. Ba a koyon biram ba tare da waƙoƙinsa ba, waƙoƙin kuwa da harshen Buduma suke, mutanen da ke kiran kansu Yedina. Harshen Tubu da Barbarci dangi ɗaya ne, na Sahara. Yedina kuwa ɗan gidan Cadi ne, wato ɗan'uwan Hausarmu na nesa. Ka ji fa! Mu da muke dangi da harshen ba mu je ba, Tubu ne ya je ya ɗauko.

Wasu abokaina na cewa da ya kai biram Turai, ya hau dandalin WOMAD a Ingila a 2008, ya fitar da faifai a 2009 tare da makaɗinsa Umaru Adamu, ya raba shi da ruwansa. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma da bai je ba, da tuni an binne kiɗan tare da Bukar Tar.

Ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018, Allah ya jiƙansa. Da na je hutu bara na kunna wa babana waƙar biram a wayata. Ya saurara har ƙarshe, ya ce muryar dai ta Malam ce, amma a mayar masa da gurmi.