Daga Dogari Zuwa Mai Gadi: Amanar Tsaro a Ƙasar Gwaram

Kafin zuwan Turawa, dogarai ne ke tsaron fada da kama masu laifi a masarautar Kano. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aka kafa 'yan doka ƙarƙashin En'e, ikonsu kuwa ya kai har gundumomin Birnin Kudu da Gwaram, inda Zandam take. A shekarun 1950 'yan NEPU suka yi ta kukan cewa ana amfani da 'yan doka wajen duka da tsare 'yan hamayya. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya bayan juyin mulkin 1966.

Mai gadin yau ya gaji amanarsu, amma bai gaji ikonsu ba. Dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana shi riƙe bindiga. Dokar Final Kod ta 1960 kuwa ta tsananta hukuncin ma'aikacin da ya ci amanar dukiyar da aka damƙa masa. Idan ya buɗe wa ɓarayi ƙofa, ya zama abokin laifinsu. Idan ya kama ɓarawo, wajibinsa ya miƙa shi ga 'yan sanda; in ya doke shi har ya mutu bayan ya miƙa wuya, tuhumar kisan kai ke jiransa.

Tarihin 'yan doka ya nuna cewa duk mai tsaron da ya ɗauki hukunci a hannunsa, shi da kansa yakan koma abin tsoro ga mutanen da aka sa shi ya kare.