Yamai da Burodin Jiya

Wanda ya sauka Yamai da asuba, kafin ya ga kogi zai ga burodi. Samari ne bisa kekuna da babura, kowa ya ɗaure kwali a baya, dogayen sandunan burodi sun leƙo sama kamar damin kara, ana raba wa masu shayi da masu tebur tun daga Wadata har Bukoki, daga Talaje har ƙetaren gada. In ka same shi da ɗuminsa, ɓawon na ƙaras-ƙaras a baki, cikin kuwa laushi kamar auduga. Amma ajiye shi zuwa la'asar, balle a ce hunturu ya kankama, sai ka tarar ya fara taurin kai. Kashegari haƙori ba ya shigarsa. Wannan burodin na kashegari shi na bi sawu a cikin garin, kuma bin sawun nasa ya ratsa da ni ta tarihin Yamai kusan gaba ɗaya.

Yamai ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina ko Agadas. Ba ta da ganuwa, ba ta da jerin sarakuna na ɗaruruwan shekaru. Kafin zuwan Faransawa ƴan ƙauyuka ne a gefen kogin da Zabarmawa ke kira Isa Beri, wato babban kogi: Arawa, waɗanda ake kira Mauri, da Zabarmawan Kalle, da mutanen Gawe a bakin ruwa, ga Gudel da Gamkalle da Saga kowanne da nasa tarihin, ga Fulanin Lamorde a ɗaya gaɓar. Sunayen nan duk suna nan, sun zama unguwanni. Game da sunan garin, ruwayoyi sun bambanta. Wasu na danganta shi da wata itaciya da aka zauna ƙarƙashinta, wasu na cewa daga kalmomin Zabarmanci biyu ne, "nya" uwa da "me" baki, wato mashigar da uwa ke ɗiban ruwa. Abincin mutanen wurin gero ne da dawa da kifi da nono. Alkama ba ta cikin lissafi.

A farkon ƙarni na 20 sojojin Faransa suka kafa sansani a wurin, har ya zama mazaunin mulkinsu na ɗan lokaci. A 1911 suka kwashe zuwa Damagaram. Can kuma ƙarancin ruwa ya dame su, ga kusanci da Kano da Ingilishi, waɗanda kasuwancin yankin duk ya karkata gare su. Saboda haka a 1926, zamanin gwamna Jules Brévié, aka dawo da babban birnin Yamai, inda akwai kogi, kuma hanya ta fi kusa zuwa gaɓar teku ta Dahome. Da suka zo tsara garin sai suka raba shi biyu da kwarin Gunti Yena: Turawa da ofisoshinsu a kan tudu, wurin da har yau ake kira Filato, ƴan ƙasa kuma a ɗaya ɓangaren. Burodi ta Filato ya shigo. Abincin mai mulki ne, da sojansa, da akawunsa, sai kuma kukun da ke dafa masa.

Abin da ya cika garin da mutane kuwa, yawanci wahala ce. Yunwar 1931, wadda fari da fara suka haddasa a ƙasar Zabarma, ta koro jama'a zuwa bakin kogi. Lokacin samun mulkin kai, ranar 3 ga Agusta 1960, mutanen Yamai ba su wuce wajen 30,000 ba. Farin 1973 da 1974 ya sake kwararo makiyaya da manoma, aka tsugunar da da yawansu a sansanin Lazare, wanda yanzu unguwa ce cikakkiya. Na 1984 ya ƙara wasu. Gadar Kennedy, da aka buɗe a 1970, ta haɗa garin da Harobanda inda jami'ar Abdu Mumuni take. Zuwa ƙidayar 2012 an haura miliyan ɗaya. Hausawa sun zo da fatauci da sana'a daga Tawa da Dogon Dutse da Maraɗi da Ƙonni, har ya zama a kasuwar Yamai in ka fara ciniki da Zabarmanci kana iya ƙarasa shi da Hausa.

Mutumin da ya baro ƙauye ya zo birni neman aiki ba shi da turmi, ba shi da mai yi masa daka da sassafe. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya zauna a bencin mai shayi, a yanka masa rabin sanda. Ta haka burodi ya sauko daga tudu ya shiga kowace unguwa.

Sai dai alkamar da ake yin sa da ita ba ta ƙasar ba ce. Ana ɗan noma alkama a lambunan Abzin da wajen Ƙonni, amma ba ta kai ko kusa da abin da gidajen burodi ke buƙata ba. Fulawa daga teku take zuwa. Shekaru da dama hanyarta ita ce tashar jirgin ruwa ta Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 1,000, ta Paraku inda layin dogo ya tsaya, ta Malanbil, a ƙetare gada a shiga Gaya, a biyo ta Doso. Don haka duk abin da ya taɓa kuɗi ko iyaka, sai ya taɓa karin kumallon talaka. A watan Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, duk kayan da ake shigowa da su suka yi tsada a dare ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyakar Binin, manyan motoci suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, hanya mai nisa da hatsari. Wanda ya san wannan tafiyar, in ya ga guntun burodi a juji, dole ransa ya sosu. Ni dai nawa yana sosuwa.

Dalilin saurin bushewarsa ma a fili yake. Burodin Faransawa fulawa ce kawai da ruwa da gishiri da yis. Babu mai, babu sukari, ga shi siriri, iska na dukansa ta ko'ina. Burodin Nijeriya, wanda ake kawowa ko ake yin irinsa a wasu unguwanni, yana da sukari da mai, shi ya sa yake kwana biyu da laushinsa. Amma wannan bushewar da ake gani aibi, ita ce ke sa shi shan madara da ƙwai fiye da ɗanye. Sabon burodi in ka jiƙa shi sai ya dagargaje ya zama kunu. Busasshe yana shanyewa ya riƙe jikinsa.

Duk al'ummar da ta daɗe da burodi ta gano haka. Faransawa na tsoma yankakken burodin jiya cikin madara da ƙwai su soya da man shanu, suna kiransa da sunan da ke nufin burodin da ya ɓata. Ingilishi na gasa nasu a tanda, shi ne tsofaffin kukunmu ke ce wa fudin. A Masar akwai Ummu Ali, mai madara da zabibi da ƴaƴan itatuwa. A birnin Niyu Oliyans na Amurka, wanda Faransawa suka kafa a 1718, fudin ɗin burodi ya zama abin da manyan gidajen abinci ke gasa a kansa, baƙi na bin su ɗaya bayan ɗaya suna neman wanda ya fi. Ko a Kano, gurasar da ta kwana ai ba a zubarwa, yayyafa mata ruwa ake yi a barbaɗa ƙuli-ƙuli da mai da albasa.

Yamai gari ne na masu son ci, wannan ba a gardama. Akwai kilishi da ake yi wa baƙo tsaraba da shi. Akwai dambu da zogale, da kwaɗon da Zabarmawa ke kira kopto. Akwai fari masa da ƙosai da la'asar, akwai giwan ruwa da Sarkawa ke fitowa da ita daga kogi, da balangu da tsire in dare ya yi. Mutane na hawa barandar Grand Hôtel da yamma, su ci tsire suna kallon rana tana faɗawa bayan gadar Kennedy, jemagu na ƙetare sama garke-garke. Mutanen Senegal sun kawo shinkafarsu da kifi, na Kwaddibuwa sun kawo aceke, na Binin da Togo sun kawo nasu tuwon masara da miya, ga Larabawan Lubnan da shawarma. Babbar Kasuwa da ta ƙone a 1982 aka sake gina ta aka buɗe a 1987, Ƙaramar Kasuwa da ta ci wuta a 2012 ita ce a da wurin kayan lambu. Ganin wannan yalwa ne ya sa na ɗauka fudin ɗin burodi zai yi sauƙin samu.

Na fara da gidajen abinci na Filato da kewaye, masu na'urar sanyaya ɗaki da takardar jerin abinci. A yawancinsu abin zaƙin da na tarar kek ne da ayis kirim da yankakkun ƴaƴan itace. A wuri ɗaya an kawo min, an yi masa ado sosai, amma da sabon burodi aka yi shi, cokali na shiga ya narke. Ina ganin dalilin ƙarancinsa a irin waɗannan wurare shi ne kunya: mai gidan abinci ba ya so a ce ya sayar wa babban mutum ragowar jiya. Wannan kunyar ba ta da tushe, domin abin da ya kwana shi ne asalin daɗin.

Na fi dacewa a gidajen burodi. A wasu, can ƙarshen kanta bayan kek masu tsada, akan ajiye faranti mai faɗi da wani abu launin ƙasa an yanka shi murabba'i-murabba'i. Ragowar jiya ce aka haɗa aka gasa, ƴan makaranta ne manyan masu sayensa da ƴan dalolinsu. Yana da nauyi, yana riƙe ciki. In za ka zaɓa, ɗauki na gefe inda ya ɗan ƙone, ka danna da yatsa: mai kyau yana lotsawa ya dawo, ba ya fitar da ruwa, ba ya ƙarnin ƙwai.

Wanda ya fi duka kuwa ba a gidan abinci na ci shi ba. A Yantala ne, gidan wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa yana kuku a gidajen Turawa. Da na faɗa masa abin da nake nema sai ya ce, "Ɗana, je ka samo min na jiya, kada ka kawo na yau." Na ce, "To, Baba." Na dawo da sanda biyu. Bai yanka da wuƙa ba, da hannu ya kakkarya, ya ce gefen da aka karya ya fi shan ruwa. Ya dama madarar gari da ruwan ɗumi, ya fasa ƙwan zabi huɗu, lokacin damina ce suna da araha, ya zuba sukari kaɗan, ya daka citta da kanumfari ya barbaɗa. Ya cire ƙwallon dabinon Agadas ya tsattsaga a ciki. Sannan ya rufe kwanon ya bar shi, muka yi sallar la'asar muka dawo, bai taɓa ba sai da kowane guntu ya jiƙu har tsakiya.

Ba shi da tanda. Babbar tukunya ya ɗora a kan gawayi, ya zuba rairayi a gindinta, ya shafe ƙaramin kwano da man shanu, ya juye haɗin, ya zaunar da shi bisa rairayin. Ya rufe, ya ɗebo garwashi ya jera a kan murfin, yadda matan unguwa ke gasa kek na biki. Bai duba agogo ba, hanci ya sa. Da ƙamshi ya canja daga na madara zuwa na sukarin da ya fara ƙuna, ya ɗaga murfin da tsumma, ya soka tsinken tsintsiya ya fito a bushe. Sama ya yi ja yana ƙaras, ciki kuwa yana rawa kamar kindirmo mai kauri. Jikokinsa suka kewaye mu tun bai huce ba.

Daga baya na lura cewa abin da dattijon nan ya yi da wuta, rabin garin na yin sa ba wuta. A wajen kasuwar Katako da tsakar rana, lokacin da zafin watan Afrilu ya haura digiri 40, na ga leburori sun sayi guntun burodi da ledar nono mai sanyi, wadda kowa ke kira solani ko da wane kamfani ne ya yi ta. Su ɓare cikin burodin, su huda ledar da haƙori su tsiyaya, su jira ya tsuma. A gidaje uwaye na jiƙa wa yara da tsofaffi marasa haƙori a cikin koko ko madara. Abin da ya rage bayan wannan, masu kiwo na tarawa a buhu, su jiƙa da dusa su ba ragon layya.

Mai shayin da nake zama wurinsa a Bukoki yana da kwali daban a ƙarƙashin tebur, inda yake ajiye na jiya. Ba ya tallarsa, amma masu zuwa tun duhun asuba, masu gadi da suka kwana a bakin aiki da masu tura ruwa a kura, sun san da shi. Yana ba su a rahusa. Zai kakkarya a babban kofin roba, ya zuba madara mai kauri ta gwangwani, ya ɗaga buta sama ya sako shayi mai zafi a kai, ya kife da ƙaramin faranti. Mai kofin zai zauna a ƙarshen benci, hannuwansa biyu a jikin kofin saboda sanyi, yana jira. A daidai lokacin ne yaron gidan burodi ke tsayawa da kekensa, ya fara sauke na yau.