Sandar Kawu: Yadda Ake Duba Gida a Zariya Kafin Zuwan Siminti

Kawuna magini ne. Da gwiwa ta hana shi hawa katanga, sai ya zama abin da aka fi nemansa a kai shi ne duba gida. Mutum zai yi sallama da sassafe, a gaisa, sannan ya ce, "Baba, an yi mini tallar wani gida a Tudun Wada, ina so ka sa mini ido kafin in ba da kuɗi." Kawu ya ɗauki sandarsa da 'yar wuƙa, ni kuma in bi shi a baya. Ban wuce shekara goma sha biyu ba a lokacin.

A Zariya ba a raina magini. Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830, aikin Muhammadu Durugu ne, wanda duniya ta fi sani da Babban Gwani, kuma har gobe akwai unguwa mai wannan suna. Sana'ar gado ce, tana da shugabanta, Sarkin Magina. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa, ya kai ga jefa tubali sama ana cafewa, ya yi shekaru kafin a yarda ya sa hannu a bakan gizo. Wanda ya taso haka ya san ta inda gini ke fara mutuwa. Shi ya sa duba gida bai taɓa zama sana'a mai zaman kanta ba. Wanda ya iya ginawa shi ake kira. Takardar shaidarsa kuwa sunansa ce, don in ya ce gida lafiya lau, damina ta zo soro ya rufta, kafin la'asar labari ya kai Ƙofar Doka.

Kawu ba ya fara shiga zaure. Zagaya gidan yake yi ta waje, ido a gindin katanga, yana neman inda danshi ya hau ko ƙasa ta fara zuba kamar gari. Daga nan sai bugu. Yakan ƙwanƙwasa bango da sanda, ya kasa kunne; in ya ji ƙarar ta yi holoƙo, gara ta riga mu shiga. A ɗaki kuma azara yake nufa, ya soka wuƙa daidai inda ta shige cikin bango, domin can take ruɓewa ba a gani. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma ba a shimfiɗa ta ta wuce kamar ƙafa shida babu abin da ya tallafe ta. In ya ga an zarce haka, sai ya ce maginin ko mai gidan, ɗayansu ya yi rowa. Ni yake turawa kan soro in gaya masa ko laso ya tsage, ko indararo na zubar da ruwa nesa da bango ko kuwa a jikinsa. Abu na ƙarshe, ya auna da taku tsakanin rijiya da salga.

Wannan na ƙarshen, ina jin daga duba-gari ya koya, ma'aikatan tsafta na zamanin En'e da ke shiga gida-gida suna leƙa randa da makwarara, suna cin mutane tara. Amma su hukuma suke duba wa, ba mai saye ba, kuma mata ba su taɓa murnar ganinsu ba.

Shari'a ma tana bayan mai saye. Malaman Malikiyya sun kasa aibin gida uku: ƙarami wanda ba a kula shi, matsakaici wanda ake rage kuɗi a kansa, da babba, irin wanda ake tsoron rushewa, wanda ke warware ciniki ɗungurum. Alƙali kuwa ba ya hawa soro. Ma'abota sana'ar yake tambaya.

Sai kuɗin fetur na shekarun 1970 suka yawaita bulo da kwano, dokar filaye ta 1978 ta mayar da ƙasa hannun gwamna, hankalin mai saye ya tashi daga bango ya koma kan takarda. Yau mutum zai biya lauya ya binciki takardar mallaka, ya kawo mai unguwa shaida, amma ginin kansa maganar dillali zai ɗauka, alhali la'adar dillali ba ta fitowa sai an sallama. Ba wai masana sun ƙare ba ne. Hukumar rajistar injiniyoyi, COREN, tana nan tun 1970, kuma ba wuya a tambayi injiniya lambar rajistarsa. Kiran nasu ne ba mu saba ba.

Gida na ƙarshe da na raka Kawu na ƙasa ne, an yi masa shafen siminti, an buga fenti shuɗi, yana ta ƙyalli a tsakiyar rani. Bai son wannan haɗin ko kaɗan. Yakan ce siminti ba ya kama ƙasa, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita. Ya buga sanda sau uku, ya yi shiru. Dillali na gefe yana cewa akwai wani Alhaji da zai biya gobe.

Kawu bai ko dube shi ba. Ya juya ga mai saye ya ce, "Ɗana, in Alhajin na so, bar masa. In bai saya ba, ka zo ka ɗauke ni a watan Agusta, bayan ruwan dare."