In Kiɗa Ya Sauya, Takalmi Ma Sai Ya Sauya: Tarihin Ƙafar Mai Rawa Daga Bale Zuwa Rumba

Gabatarwa

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Za mu iya ƙarawa da cewa a duk lokacin da rawa ta sauya, abin da ke tsakanin tafin ƙafa da ƙasa shi ma sauyawa yake yi. Masu nazarin al'adu sukan duƙufa a kan kiɗa da waƙa da tufafi, su manta da takalmi, alhali kuwa shi ne yake ɗauke da nauyin mai rawa baki ɗaya. Wannan maƙala za ta bi sawun takalman rawa iri biyu, na bale da na raye-rayen Latin kamar rumba da ca-ca-ca, domin amsa tambayar da ta shafi malamai masu kula da wasannin ɗalibai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu: matashin da ya horu a bale, in zai fara koyon rawar Latin, me ya kamata ya sa a ƙafarsa, kuma don me?

Bale iri biyu

Kalmar Faransanci "ballet", wadda muke furtawa bale, ma'ana biyu gare ta a ƙasarmu. Ta farko ita ce rawar da ta girma a fadar sarakunan Faransa. A shekarar 1661 Sarki Luwi na 14 ya kafa majalisar ƙwararrun malaman rawa a birnin Paris, kuma a wancan zamani maza da mata da takalman fada masu dunduniya suke taka rawa. Marie Camargo, wadda ta fara fitowa a babban gidan wasa na Paris a 1726, ita ake danganta wa cire dunduniyar nan don ta ji daɗin tsalle. A 1832 kuma Marie Taglioni ta shahara da rawa a kan ƙarshen yatsun ƙafa a wasan La Sylphide. Daga nan takalmin bale ya kama siffarsa: mai laushi ne, ba shi da dunduniya, yana manne da ƙafa kamar huffi. Tarbiyyar jikin ma ta bi wannan siffa. Ana buɗe ƙafafu waje tun daga kwankwaso, a miƙe jiki sama kamar ana jan mutum da igiya, a tsare ƙugu kada ya karkata.

Ma'ana ta biyu ita ce wadda ɗan Dakoro ya fi sani. A farkon shekarun 1950 Fodéba Keïta, ɗan ƙasar Gini, ya fito da ƙungiyar Les Ballets Africains a Paris, inda ya ɗauko raye-rayen ƙauye ya tsara su don dandamali. Bayan Gini ta sami ƴancin kai a 1958 ƙungiyar ta zama ta ƙasa, sauran ƙasashe kuma suka yi koyi. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da samariya, aka kuma buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976. Bale na cikin fannonin da ake gasa a kansu, ana tankaɗe da rairaya tun daga ƙananan hukumomi kafin a fitar da ƙungiyar da za ta wakilci jiha. Wannan bale galibi ba takalmi ake yin sa: tafin ƙafa na dukan ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, rairayi na sassauta bugun. Tashi a kan yatsu ma ba baƙon abu ba ne a yankinmu, domin duk wanda ya kalli rawar yake ta samarin Woɗaaɓe a wajejen Bermo ya ga yadda suke ɗagowa a kan yatsun ƙafa su sauka a tare.

Yadda kiɗan Kyuba ya iso

Rawar Latin a kan faifan garmaho ta shigo Afirka ta Yamma. Daga 1933 kamfanin His Master's Voice na Ingila ya soma buga jerin faya-fayan da ake kira G.V. don kasuwar Afirka, akasarinsu kiɗan Kyuba. Faifai na farko a jerin shi ne El Manisero, wato "mai tallar gyaɗa", wanda makaɗan Don Azpiazu suka ɗauka a 1930. Abin sha'awa ne a ce waƙar mai gyaɗa ce ta buɗe wannan ƙofa, ganin cewa gyaɗar ce ta raya kasuwancin Maraɗi a waɗannan shekaru.

A garuruwan mulki, irin su Dakoro da ta zama mazaunin hukuma a 1947, akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da akawuna, da yawansu daga Dahome da sauran ƙasashen rainon Faransa. A cikin irin wannan rukuni ne al'adar "bal" ta fi kama ƙasa, wato rawar dare ta mace da namiji riƙe da juna, abin da dandalin gargajiya bai saba da shi ba, kuma iyaye da malaman addini da yawa ba su yi na'am da shi ba. Shiga bal kuwa sai da kwat da takalmi sau-ciki, har takalmin ya zama shaidar wanda ya yi boko.

A 1953 Enrique Jorrín ya fitar da La Engañadora a birnin Habana, waƙar da ake ɗauka a matsayin mafarin ca-ca-ca. Ana cewa sunan kansa daga ƙarar takalman masu rawa ya fito, sa'ad da suke jan ƙafa sau uku a kan daɓe. Bayan shekara bakwai, a 1960, Joseph Kabasele na Kwango ya yi wa ƴancin ƙasarsa waƙa da sunan wannan kiɗa, Indépendance Cha Cha. Mali ta tura matasa Kyuba koyon kiɗa a 1964, cikinsu har da Boncana Maïga ɗan Gawo, suka kafa Las Maravillas de Mali. A Dakar aka kafa Orchestra Baobab a 1970. Sai dai wani hoto da Malick Sidibé ya ɗauka a Bamako a 1963, mai suna Nuit de Noël, ya nuna mana yadda mutanenmu suka karɓi rawar zamani bisa sharaɗinsu: saurayi cikin kwat da takalmi, budurwa cikin rigar Turawa, amma ƙafarta a ƙasa ba kome.

Takalmin da aka tsara a Landan

Takalmin da ake kira na Latin a yau ɗan ɗakunan gasa ne na Ingila. Wani malamin rawa haifaffen Faransa mazaunin Landan, wanda aka fi sani da Monsieur Pierre, ya je Kyuba a 1947 ya ga yadda ake taka rumba, ya dawo shi da abokiyar aikinsa Doris Lavelle suka shimfiɗa mata ƙa'idoji. A 1961 Walter Laird ya wallafa littafinsa na dabarun rawar Latin. Raye-raye biyar aka tsayar don gasa: rumba da ca-ca-ca daga Kyuba, samba daga Barazil, paso doble mai tushe a Sipaniya, da jive daga Amurka.

Ƙa'idar da ta haifi takalmin ita ce, a mafi yawan takun waɗannan raye-raye gaban tafin ƙafa ne ke fara taɓa ƙasa, sannan diddige ya sauka, gwiwa ta miƙe, nauyi ya zauna a kan ƙafa guda har ƙugu ya karkata da kansa. Saboda haka aka ɗaga dunduniya don ta tura nauyi gaba: ta mata santimita 5 zuwa 7 da rabi, ta maza kimanin santimita 4. Aka bar yatsun mata a buɗe don su kama ƙasa, aka sa maɗaurai su riƙe idon sawu. Ƙasan takalmin kuwa da fata mai gashi-gashi ake yin sa, wadda ke ba mutum damar juyawa a kan daɓen katako ba tare da santsi ya kwashe shi ba.

Abin da mai koyo zai duba

Wanda ya fito daga bale na Turai ya zo da jari: idon sawu mai ƙarfi, da iya tsayuwa a kan ƙafa guda. Amma wannan jarin kan ruɗe shi ya ɗauki dunduniya mai tsawo tun ranar farko. Tashi a kan yatsu na ɗan lokaci daban yake da wuni a kan tsini, kuma jikin da ya saba jan nauyi sama sai ya koyi sauke shi cikin ƙasa, ya saki ƙugun da aka hore shi ya tsare, ya rage buɗe ƙafafu waje. Dunduniya mai santimita 5, mai ɗan faɗi a ƙasa, ta ishi mafari. Tun da ƙafar ɗan bale tana lanƙwasa sosai, a tabbata tsakiyar takalmin ya manne da tsakiyar tafin ƙafa, kada a bar rami a tsakani.

Wanda ya fito daga bale namu kuwa ya riga ya san sauke nauyi da sakin ƙugu. Ƙafarsa ce ba ta saba da ɗauri ba, yatsunta a baje suke, don haka faɗin takalmi ya fi tsawonsa muhimmanci gare shi. Ga duka biyun, takalmin ya kama ƙafa daram, yatsu su kai bakinsa, domin fata tana saki bayan an yi ta sa ta. A gwada shi da yamma sa'ad da ƙafa ta ɗan kumbura, a tsaye, a kuma ɗaga diddige a ga ko yana zamewa.

Sai babbar magana, wadda ta fi shafarmu: daɓe. Ɗakunan ajinmu da gidajen matasa siminti ne, filayenmu rairayi. Siminti na cinye fata mai gashi-gashi cikin ɗan lokaci, ruwa da ƙura na kashe ta, tsini kuma na nutsewa cikin rairayi ya jawo targaɗe. Takalmin roba ya fi haɗari, domin yana kama daɓe yayin da jiki ke juyawa, sai murɗar ta koma gwiwa. A kan siminti mai sumul, takalmi mai ƙasan kirgi da gajeriyar dunduniya ya fi dacewa. Ƙungiyar da ta zuba kuɗinta ta sayo takalman gasa alhali ba ta da daɓen katako, kayan aro ta saya, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Kammalawa

Abin da ake bukata don yin wannan takalmi yana hannunmu tun fil azal. Fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, ita ce fataken Sahara suka riƙa kaiwa Arewacin Afirka har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, kuma saboda laushi da ƙarfinta ake nemanta wajen yin safar hannu da takalma masu tsada. Masana'antar jima ta SONITAN da aka kafa a Maraɗi don wannan fata aka yi ta. Dukawan da suka iya ɗinka balka da sambatsai da kufutan mahaya sun san cewa kowace tafiya da takalminta. In aka zauna da su aka bayyana musu inda nauyin mai rawa yake sauka, ba za su kasa ba.

Shawarata ga ƴan'uwa malamai da shugabannin ƙungiyoyi ita ce, kafin a koya wa matasa taku ɗaya na baƙuwar rawa, a fara duba daɓen da za su taka, a kai ƙafarsu wurin baduku ya auna, a kuma gaya musu tarihin abin da suke takawa. Kiɗan Kyuba yana da jijiya a cikin gangunan bayin da aka kwasa daga gaɓar Afirka, saboda haka matashin da ya san wannan zai koyi rumba ba tare da ya raina rawar kalangu ta dandalin garinsu ba.