Kan Nono: Cututtukansa, Gyaransa da Jinkirin Zuwa Asibiti a Zamfara

Kan nono ɗan ƙaramin wuri ne, amma ta nan hanyoyin ruwan nono suke fitowa, don haka abin da ke ɓoye cikin mama yakan fara nuna kansa a nan. Mafi yawan larurorinsa masu sauƙi ne. Mai jego takan samu tsagewa idan jariri ya kama tsinin kaɗai bai haɗa da baƙin da'irar ba, kuma ta tsagar ƙwayoyin cuta ke shiga, mama ya kumbura, wani lokaci ya tara mugunya. Gyara kamun jaririn yakan kashe maganar.

Nutsewar kan nono iri biyu ce, kuma bambance su shi ne rabin aikin. Wadda ta taso da shi a nutse tun ƙuruciya, gajartar hanyoyin nono da zaruruwan da ke jan sa ciki ne sanadi. A 1999 likitoci biyu, Han da Hong, suka kasa shi mataki uku: wanda ake jawowa ya tsaya, wanda ke fitowa ya koma, da wanda da ƙyar yake fitowa. A mataki na uku tiyatar gyaransa takan kai ga yanke hanyoyin nonon, abin da zai iya hana shayarwa, kuma wajibi ne a gaya wa budurwa haka kafin ta sa hannu. Amma kan nonon da yake tsaye shekara da shekaru, sannan ya nutse a gefe ɗaya, wannan sai an bincika, domin sankara na iya jan sa ta ciki. Haka jinin da ke ɗiga da kansa daga ƙofa ɗaya: galibi ɗan tsiro ne marar illa a cikin hanyar, sai dai awo ne kawai zai tabbatar.

Wadda ta fi damuna ita ce cutar da likitan Ingila James Paget ya bayyana a 1874. Kamarta ɗaya da kirci: ƙaiƙayi, saɓar fata, ɓawo, ɗan ruwa mai manne wa riga. Mace ta aika yaro kemis a sayo man shafawa, ɓawon ya lafa mako biyu, ya dawo, a koma kan sassaƙe da rubutu, wata shida su wuce. Alhali mafi yawan masu ita akwai sankara a ƙarƙashi. Kirci yakan kama nono biyu kuma yana jin magani. Cutar Paget kuwa ɗaya take kamawa, daga tsini take farawa ta bazu. Ganin haka ba ya buƙatar na'ura. Ungozoma a asibitin Tsafe ko Bungudu za ta iya, muddin an koya mata, ta tura mace Gusau a yanki ɗan fata a auna.

Daga nan tafiyar take yin tsawo. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura duk a Gusau suke, gashin sankara da na'ura kuwa Sakkwato ko Shika ake nufa, ga kuɗin mota, ga fargabar 'yan bindiga a hanyar Funtuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa buri a 2021 cewa a gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu sankarar mama a mataki na ɗaya ko na biyu, kuma a kammala bincike cikin kwana 60. A Najeriya, inda aka ƙiyasta sabbin masu sankarar mama fiye da 28,000 a 2020, yawanci sai ciwo ya yi nisa ake zuwa.

A ganina tsoron wuƙa na cikin manyan dalilan jinkirin. Mace tana tunanin miji, kishiya da bakin dangi, ba kuma wanda ya taɓa gaya mata ana gyara. Ana yi kuwa. Idan tsiron ƙarami ne kuma yana nesa da kan nono, akan cire naman ciki a bar fata da kan. Idan an cire shi, bayan an sake gina maman da wata uku zuwa shida, likita yakan tsaga 'yan harsunan fata a wurin, ya ɗaga su ya naɗe ya ɗinke su zama tsini, sau da yawa da allurar kashe wuri kawai. Akan kuma ɗebo wani yanki daga ɗaya kan nonon. Da'irar akan yi ta da fatar cikin cinya ko da zanen launi irin na jarfa. Sabon kan ba ya ba da nono, jinsa kaɗan ne, yakan lafa da lokaci, kuma baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta halatta sake gina maman da aka cire a zamanta na Malesiya a 2007, kuma malamai sukan kafa hujja da Arfaja, sahabin da aka ba izinin sa hancin zinariya. Wannan bayani ya kamata matan Tsafe da Bungudu su ji shi a ranar awon ciki da makarantun Islamiyya, tun ɓawon bai wuce tsini ba.